Ana kukan yuro 20, an manta da fasinjan da aka bari a bakin tasha

Tun da Hukumar Tarayyar Turai ta sanar a watan Yulin 2025 cewa kuɗin izinin shiga ƙasashen Turai da ake kira ETIAS zai tashi daga yuro 7 zuwa yuro 20, ƙungiyoyin masu harkar tafiye-tafiye ke ta ƙorafin cewa an tsawwala wa matafiya. Wannan ƙorafi ya ba ni haushi ƙwarai. Izinin nan na mutanen da dama can ba sa buƙatar biza ne, ta intanet za su cike shi, kuma zai kai su shekara 3. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, kuwa yuro 90 yake biya tun watan Yunin 2024, ya je a ɗauki hoton yatsunsa, ya kai takardun banki, ya yi ta jira, in aka hana shi kuɗin ya tafi ke nan. Ana kukan targaɗe, ga mai karaya kwance a gefe.

Inda abin ya fi muni shi ne a jiragen ruwan yawon buɗe ido. Mai hawa jirgin sama ƙasa ɗaya ya nufa, biza ɗaya yake nema. Mai hawa jirgin ruwa kuwa yau yana wannan ƙasa, gobe da asuba yana wata, kowace da dokarta, alhali zamansa a kowace tasha daga safe ne zuwa yamma, kwanansa kuma a cikin jirgi.

A dubi tafiyar Alaska. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa, kamar Bahamas ko Panama, ba zai kwashi fasinja daga birnin Siyatil na Amurka ya zaga tashoshin jihar Alaska ya dawo da su ba sai ya taɓa wata ƙasar waje. Shi ya sa jiragen ke tsayawa a Biktoriya ta Kanada, sau da yawa da yamma, na 'yan sa'o'i. Saboda wannan 'yar tsayawa, fasinjan da ya riga ya biya dala 185 ya sami bizar Amurka sai ya nemo ta Kanada, ko da ya yi rantsuwa ba zai fito daga ɗakinsa ba. In bai sani ba, a bakin tasha zai sani. An riga an liƙa wa akwatunansa lambar ɗaki, ma'aikaciya ta buɗe fasfo tana juya shafi ɗaya bayan ɗaya, ta kira shugabanta, sannan a ce masa ya koma gefe a fito masa da kayansa. Yaransa na kallo sauran mutane na hawa. Kuɗin tikiti kuma ba a mayarwa, domin sharuɗɗan kamfani sun ɗora neman biza a wuyan fasinja.

Masu cewa doka doka ce, shi ya ƙi yin bincike, ba su taɓa zama suna lissafin biza uku don tafiyar mako ɗaya ba. Hujjar da ake yawan kawowa ta neman bizar ita ce wasu za su sauka su sulale cikin gari. To amma da wuya a sami matafiyin da ake sa wa ido kamar fasinjan jirgin ruwa. Kafin jirgi ya iso, an aika wa jami'an shige da fice sunan kowa da lambar fasfonsa. Ba wanda ke sauka ko hawa sai na'ura ta karanta katinsa, don haka kafin a kwance igiya an san wanda bai dawo ba.

Kuma yafe wa fasinjan jirgin ruwa biza ba sabon tunani ba ne. Yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa ta 1965, wadda Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ke riƙe da ita, ta ba da shawarar kada a nemi biza daga fasinjan irin wannan jirgi in tsayawar ba ta kai sa'a 72 ba. Shawara ce, ba tilas ba, shi ya sa masu ƙarfi suka yi kunnen uwar shegu da ita. Waɗanda suka gwada kuma ba su ga tashin duniya ba. Tun 2019 Niyu Zilan ke karɓar fasinjan jirgin ruwa na kowace ƙasa da izinin intanet kawai. Sin ma, da ake yi wa kallon mai tsauri, tun 15 ga Mayun 2024 ta yafe biza ga ayarin masu yawon buɗe ido da suka zo ta jirgin ruwa, har kwana 15, a tashoshi 13 ciki har da Shanghai da Tianjin. Me ya hana Turai da Kanada? Suna son kuɗin sauka da jiragen ke biya, suna son cinikin da fasinjoji ke kawowa, amma wani launin fasfo ne ba sa son gani, kuma wannan wariya ce tsagwaronta.

A samar da izinin sauka na yini ɗaya ga duk wanda sunansa ke cikin jerin fasinjoji. Wanda ba zai sauka ba kuma a ƙyale shi. Su kuwa kamfanonin, da ke karɓar lambar fasfon mutum tun kafin tafiya, sun san sarai wanda zai maƙale a bakin tasha. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum ya yi shiru har ranar tashi, a tilasta masa ya mayar da kuɗin gaba ɗaya.