Shugaban Tafiyar Da Bai Wuce Kanta Ba

Duk wanda ya san gidan Kawu a Makka ya san cewa da zarar zafi ya kankama, magana ɗaya ce a gidan, wato wace ƙasa za a gudu a sha iska. Kawu da 'ya'yansa 'yan ƙasa ne, tun da kakanmu ya zo aikin hajji bai koma ba, ni kuwa ɗan yayarsa ne da ya biyo baya daga Najeriya, ina aiki a Jidda da igama, wato takardar izinin zama da Saudiyya ke ba baƙi. A bazarar 2025 aka ɗora mini tsara tafiyar, saboda an ce ni ne ɗan boko, kuma ni ne ba na gajiya da intanet.

Sharaɗin Kawu shi ne kada a kai shi inda zai bi layin ofishin jakadanci, don haka ƙasashen Turai masu bizar Shengen suka fita tun kafin a zauna. Na ce masa Birtaniya ta sauƙaƙa wa 'yan Saudiyya tun 2024, izini ne kawai ake cikewa ta waya, sai ya ce bai tara kuɗinsa domin ya kai wa masu otal na Landan ba. Na kawo Malesiya, inda ake ba su kwana 90 ba biza, ya ce mutumin da ke gudun zafi ba ya tafiya inda gumi ke bin sa har cikin masallaci. Turkiyya, wadda ta ɗage musu biza a ƙarshen 2023, ya ce rabin unguwarsu na can. Da na ambaci Tailan kuwa sai ya gyara zama, ya ɗauko labarin lu'ulu'un da wani ma'aikaci ɗan ƙasar ya sace daga gidan wani yariman Saudiyya a 1989, abin da ya sa ƙasashen biyu ba sa ga maciji har 2022, ya nuna cewa ko gwamnati ta yafe shi bai yafe ba, alhali ko zobe ba a ɗaukar masa ba. Sin ta buɗe musu kwana 30 a wannan shekarar, amma tambayarsa ɗaya ce: me zai ci a can? Taubashina, babban ɗansa, ya ce to a haye gadar Sarki Fahad a shiga Baharain da katin ɗan ƙasa a huta da wahala. Ba wanda ya tanka masa.

A ƙarshe aka tsaya a kan Jojiya, domin ɗan Saudiyya yana shiga ba biza, yana iya zama har shekara guda, ga sanyi, ga tsaunuka, ga Batumi a bakin teku. Na kama otal a Tibilisi, na sayi tikiti, na tara fasfo ɗin kowa na duba. A nan ne na gano cewa na taubashina saura wata huɗu ya mutu, alhali dokar fita ta ce wata shida ake so idan ba ƙasar Larabawa za a ba, wata uku idan ta Larabawa ce. Na tara gida na yi masa wa'azi a gaban matarsa a kan illar sakaci, na sa ya sabunta ta manhajar gwamnati ta Absher ina tsaye a kansa. Ya yi shiru yana murmushi, kuma da na san abin da murmushin nan zai haifa da na taƙaita wa'azin.

Ni ma na shirya nawa tsaf. Na biya riyal 200 na bizar fita da dawowa, na kuma karanta a wani rubutu da shi taubashin nawa ya turo mini cewa mai igamar ƙasashen Larabawan Tekun Fasha yana shiga Jojiya kwana 90 ba biza. Ina so a lura da wanda ya turo rubutun.

Ranar tafiya na isa filin jirgin Jidda da jaka a rataye, takardun kowa a jere cikin leda, ina gaba suna biye. Kawu ya zo da buhun shinkafa, da tukunyar lantarki, da butar gahawa da kwalin dabino, domin bai yarda akwai abinci a bayan Makka ba. Na ajiye fasfo ɗin a kan kanta gaba ɗaya, duka kore, domin na Saudiyya kore ne, na Najeriya ma kore ne. Ma'aikacin ya riƙa ɗauka yana bugawa yana turowa, hannunsa ko tsayawa ba ya yi. Da ya zo kan na ƙarshe sai hannun ya tsaya. Ya juya bangon, ya dubi tambarin, ya dube ni, ya sake duban tambarin, sannan cikin ladabi ya nemi igamata.

Na miƙa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu, har na juya ina gaya wa Kawu ƙofar da za mu bi. Ma'aikacin ya daɗe yana kallon kwamfuta, sai ya ce mini a wannan shekarar Jojiya ta ƙara sharaɗi ga 'yan wasu ƙasashe, har da Najeriya: sai igamar mutum tana da sauran aƙalla shekara guda a ranar da zai shiga. Tawa kuwa shekara-shekara ake sabunta ta, kuma ta riga ta ci rabi. Na ce masa ya sake dubawa, domin ni na yi bincike. Ya juyo mini da allon kwamfutar, ya sa yatsa a kan layin, ya karanta mini a hankali, kalma bayan kalma, kamar malamin allo da ya samu ɗalibi mai taurin kai. Na zaro rubutun da na buga a takarda na shimfiɗa masa. Ya duba ƙasan takardar, ya nuna mini shekarar da aka rubuta shi, ya mayar mini ba tare da ya ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo a kan duk abin da ya faɗa.

Kawu ya leƙo ya ce, “Ɗana, ba duka kore ba ne?” Ma'aikacin ya yi ƙoƙarin riƙe dariyarsa. Taubashina bai yi wannan ƙoƙarin ba. Ya ɗaga sabon fasfonsa ya sumbace shi, ya ce, “Shugaban tafiya, ai sakaci ba shi da kyau,” da muryata, da irin tsayuwata, har da yadda nake ɗaga yatsa. Matarsa ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Amma wanda har yau ban yafe wa ba wani bawan Allah ne ɗan gida, da ke layin da ke kusa, wanda ya ji Hausa ya baro kayansa ya taho. Bai yi sallama ba, bai tambayi abin da ya faru ba, sai ya dafa kafaɗata ya ce da ƙarfi, “Ɗan'uwa, kamawa aka yi? Ka yi haƙuri, kowa da ranarsa.” Na ce masa ba kama ni aka yi ba, takarduna lafiya lau suke. Ya ce haka kowa ke cewa. Ya shiga ba ni labarin wani maƙwabcinsa da aka mayar gida da silifa kawai, ya yi mini addu'ar Allah Ya sa kada a buga mini yatsa, mutanen layi biyu suna kallona da tausayi. Da ya gama, sai ya dubi keken kayana, ya ce tun da ba tafiya zan yi ba ai ba ni da bukatarsa, ya sauke jakata a ƙasa da hannunsa, ya tura keken ya tafi. Mutum mai furfura, da carbi a hannu. Na bi shi da ido har ya ɗora kayansa, kuma ko waiwaye bai yi ba.

Kawu ya ba ni makullin mota ya ce in kula da tattabarun da ke saman bene, suka shige. Da tsakar dare wayata ta yi ƙara daga Tibilisi, wai otal ya ƙi ba su ɗaki saboda da sunana aka kama, sai da na tashi na yi bayani na tura hoton fasfo ɗin da ya hana ni tafiya. Washegari taubashina ya turo hotonsa sanye da rigar sanyi, riƙe da kwalbar ruwan Borjomi, ya tambaye ni ko zafi ya ragu a Jidda. Kuɗin tikitin an dawo mini da wani abu daga ciki. Riyal 200 ɗin kuwa na ce shi zai biya tun da shi ya turo rubutun, ya ce sai an zauna a gaban Kawu, Kawu kuma ya ce shi bai san da wannan magana ba.