Don Allah a daina kiran Seal ɓarawo

Wallahi abin jiya har yanzu yana ci min rai. Waɗanda muke tare a shagon aski sun san da wa nake. Mai shago ya kunna kundin Seal, mawaƙin nan na Birtaniya, mai suna Soul, wanda a cikinsa ya sake rera tsofaffin waƙoƙin wasu mawaƙa, sai wani ɗan bana bakwai da ko gemu bai gama tsiro masa ba ya ɗago kai daga wayarsa, wai ai mutumin nan satar fasaha ya yi, duk waƙoƙin mutane ne. Ikon Allah! Yaro ya tono asirin da duniya ta kasa ganowa tun 2008. A kawo masa lambar yabo.

Ƙanena, ɓarawo ɓoyewa yake yi. Wane ɓarawo ne zai sato akuya ya rataya mata allo da sunan mai ita, sannan ya zaga kasuwa da ita? Seal bai taɓa cewa shi ya tsara waƙoƙin nan ba. Sunan kowane marubuci yana jikin faifan, kuma kuɗin haƙƙi yana zuwa wurin masu shi. Ina satar take?

Ɗauki waƙar farko a kundin, "A Change Is Gonna Come". Ta Sam Cooke ce, mawaƙin Amurka. A 1963 wani otal a garin Shreveport na jihar Louisiana ya hana shi ɗaki saboda baƙar fatarsa, shi da ake rububin faifansa a duk faɗin Amurka. Waƙar ta fito a 1964, kuma a Disambar shekarar aka harbe shi a Los Angeles. Bai ga canjin da ya rera ba. Shekara 44 bayan haka Seal ya ɗauko ta, kundinsa ya fito a Nuwambar 2008, watan da Obama ya ci zaɓe. Ni dai duk ranar da na ji muryar nan tasa mai ɗan kaushi ta shiga baitin farko, tsigar jikina tashi take yi. Wannan ne za ka kira sata?

Na san abin da wasu za su ce: ai David Foster da ya haɗa kiɗan ya cika masa goge, ya goge masa ƙura har ya yi santsi da yawa, babu zufar Otis Redding, mawaƙin Amurka da Seal ya rera waƙarsa a kundin, a ciki. To na ji. Je ka saurari Otis ɗin, wa ya riƙe ka? Shi kansa Otis shi ya rubuta "Respect" ya fitar a 1965, Aretha Franklin ta sake rera ta a 1967 har aka manta da mai ita. Sai ka je ka ce wa Amurkawa Aretha ɓarauniya ce, mu ga ko za ka dawo da haƙoranka.

Abin haushin ma, wannan yaron idan masu kalangu suka ɗauko waƙar Shata a gidan biki, shi ne na farkon shiga fili yana liƙi. A nan bai ga sata ba. Shata ya rasu tun 1999, yaran da ba su taɓa ganinsa ba a bakin irin waɗannan makaɗa suke fara jin sa. Ni ma ta bakin Seal na san Ann Peebles, mawaƙiyar Amurka da ya rera waƙarta a kundin, ban ji kunyar faɗa ba.

Af, tunda ana maganarsa: masu cewa tabon fuskar Seal tsagar Yarbawa ce, ku ma ku huta. Gaskiya mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, amma a Landan aka haife shi a 1963, tabon kuma ciwon lupus ne, wani ciwo mai taɓa fata, ya bar masa. Wani a shagon har rantsuwa ya yi wai ɗan Ogbomosho ne, ya san gidansu.