Hutun da muke tilasta wa tsofaffinmu yana cikin abin da ke kwantar da su

Akwai wata ɗabi'a da muke alfahari da ita a gidajenmu, wadda nake ganin ya kamata mu sake dubanta da idon basira. Da zarar mahaifi ko mahaifiya sun manyanta, ƙafa ta fara nauyi, sai gida gaba ɗaya ya haɗu a kan hana su taɓa komai. Idan tsoho ya yunƙura zai ɗauko buta, sai a ce, "Baba, ku zauna, yanzu za a kawo muku." Idan tsohuwa ta ɗauki tsintsiya ko ta jawo faifai za ta tsince wake, sai surukarta ta karɓe tana cewa, "Haba Hajiya, ina amfaninmu a gidan?" Niyyar mai kyau ce, kuma babu mai musun ladan hidimar iyaye. Amma ra'ayina shi ne, wannan hutu na dole yana cikin manyan abubuwan da ke raba tsofaffinmu da ƙafafunsu tun lokacin bai yi ba, kuma biyayyar da ta fi amfani ita ce a taimaka musu su ci gaba da yi wa kansu abin da za su iya, har a ware musu lokacin motsa jiki a cikin gida kamar yadda ake ware lokacin shan magani.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci tsokar jikin ɗan Adam. Tsoka ba ta ajiyuwa. Wadda ake aiki da ita ce ke zama, wadda aka bari kuwa zagwanyewa take yi, kuma a jikin tsoho wannan zagwanyewa tana da saurin da mutane ba su zato. A shekarar 2007 wasu masu bincike a Amurka sun kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya, waɗanda shekarunsu ke kusa da 67, a kan gado na kwana 10 kacal, sai aka tarar a matsakaici sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Waɗannan lafiyayyu ke nan, ana kuma ba su abinci yadda ya kamata. To ina ga tsohuwar da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita mako biyu, ba ta cin abin kirki, bayan ta warware kuma aka ce kada ta kuskura ta fito tsakar gida sai ta ƙara jin ƙarfi? Ƙarfin da ake jira ba zai zo yana same ta a kwance ba. Sau da yawa abin da muke kira "tsufa ya kama ta" bayan wata jinya, ragowar kwanciyar ce da ba a yi aikin warware ta ba.

Abin da ya fi damuna a lamarin ba tsawon rai ba ne, domin wannan yana hannun Allah. Mutunci ne. Duk wanda ya san dattijon Bahaushe ya san cewa babu abin da ke karya masa zuciya kamar ranar da za a ce sai an riƙe shi zuwa makewayi, ko sai ɗansa ya yi masa tsarki, ko a ce tsohuwa mai kunya sai surukarta ta cuɗa ta. Da yawa daga cikinsu suna rage shan ruwa da gangan don kada su riƙa tayar da mutane cikin dare, wannan kuma ya jawo musu wata cutar. Saboda haka ma'aunin da ya kamata mu riƙe a gida mai sauƙi ne: shin zai iya tashi daga inda yake zaune ba tare da an miƙa masa hannu ba, ya tsallake dokin ƙofa, ya je bayi ya tsuguna ya miƙe, ya yi alwala, ya sa rigarsa da kansa? Dukkan waɗannan ayyuka sun dogara ne a kan ƙarfin cinya da ƙugu da idon sawu, da kuma iya tsayuwa ba tangaɗi. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ake iya horarwa.

Na san za a ce mutumin da ya haura tamanin ai ya wuce a horar da shi. Wannan zato an daɗe da rushe shi. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi 10 masu rauni a wani gidan kula da dattawa a Boston, shekarunsu daga 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako 8. Waɗanda suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari. Bayan shekara huɗu ta maimaita aikin da mutum 100, aka sake ganin ƙarfi ya ƙaru, tafiya da hawan matakala suka gyaru. Tsokar ɗan shekara casa'in tana amsa kira idan an kira ta.

Wanda ya fi dacewa da halinmu shi ne tsarin da ake kira Otago, wanda John Campbell da Clare Robertson suka tsara a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, suka fara gwada shi a kan mata 'yan shekara 80 zuwa sama, aka buga sakamakon a 1997. An yi shi ne musamman don a cikin gida. Likitan gashi, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ko ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta zo gida 'yan lokuta ta koya wa tsoho atisayen da ya dace da ƙarfinsa, shi kuma ya riƙa yi na kimanin minti 30 sau uku a mako, ya haɗa da ɗan tattaki sau biyu a mako. Da aka haɗa gwaje-gwaje huɗu da aka yi da mutum sama da 1,000, sai aka ga faɗuwa da raunin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, kuma waɗanda suka fi cin moriya su ne waɗanda suka haura 80. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Mu a nan mun san yadda labarin ke ƙarewa: tsohuwa ta zame a bayi, ƙashin kwatangwalo ya karye, a kai ta wurin mai ɗori, ta yi watanni a kwance, gyambon kwanciya ya fito, daga nan sai a ji sanarwa.

Abin da ke cikin tsarin ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi. Mutum ya zauna a kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna a hankali ba tare da ya faɗa kanta ba. Da farko da taimakon hannu biyu, daga baya hannu ɗaya, har ya kai ga tashi ba dafawa. Ya dafa bango ko bayan kujera ya ɗaga dunduniya ya tsaya a kan yatsu, sannan ya ɗaga yatsun ya tsaya a kan dunduniya. Ya ɗaga ƙafa gefe, ya lanƙwasa gwiwa baya, ya miƙe ta gaba yana zaune. Ya yi tafiya a kaikaice, ya yi da baya, ya jera ƙafa ɗaya a gaban ɗaya kamar mai bin zare, ya tsaya da ƙafa guda na ɗan lokaci. Su can suna ɗaura wani ɗan nauyi a idon sawu. Mu ƙaramar jaka da aka ɗinka aka cika da yashi ta wadatar. Sirrin abin shi ne a riƙa ƙara wahalar kaɗan-kaɗan, domin atisayen da ya tsaya wuri ɗaya wata da watanni ba ya ƙara ƙarfi.

A ganina tashi daga kujera shi ne uwa a cikinsu duka, kuma a wurinmu ya kamata a ƙara da tashi daga ƙasa. Turawan da suka tsara waɗannan abubuwa a kan kujera da gado suke rayuwa, bayinsu ma na zama ne. Tsofaffinmu kuwa tabarma ce wurin zamansu, ga kujera 'yar tsugunno, ga masai na tsuguno, ga sujada. Wannan rayuwa ta ƙasa ita ce ta riƙe wa iyayenmu na karkara ƙarfin cinya har tsufa, tare da noma da surfe da tafiyar kasuwa. Shi ya sa nake jin tsoro duk lokacin da ɗa ya samu wadata ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya ajiye ta a ɗaki mai tayil da talabijin a birni, da mai aiki a gefe. Matar da jiya take daka da ɗiban ruwa, yau ba ta da abin yi sai jan carbi, ga santsin tayil ya sa tana tsoron takawa. Bayan shekara guda sai a ce birni bai karɓe ta ba. Haka ma tsohuwar da ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma a zaune wuri ɗaya yana iya zama ƙarshen tafiyarta, alhali zaman takaba bai hana mace zagaya tsakar gidanta ko yin aikin hannunta ba.

Maganar salla tana buƙatar taka-tsantsan. Sauƙin da shari'a ta yi gaskiya ne. Hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba ya yi a zaune, wanda bai iya ba ya yi a kan gefensa. Babu wanda ya isa ya ƙuntata abin da Allah ya yalwata, kuma ba na cewa a mayar da ibada atisaye. Abin da nake cewa shi ne, ranar da dattijo ya fara jawo kujera a masallaci, iyalinsa su ɗauki wannan a matsayin alamar cewa gwiwa ko cinya na neman taimako, su kai shi a duba, maimakon su saya masa kujera mai kyau su ɗauka an gama. Mafi yawan masu amosanin gwiwa suna samun sauƙi idan aka ƙarfafa tsokar cinya, kuma na tabbata babu abin da zai sa tsoho ya dage da atisaye kamar a ce masa wataƙila zai sake kai goshinsa ƙasa.

Sai dai dole a faɗi iyakar abin. A 2002 Thomas Gill na Jami'ar Yale ya gwada irin wannan horo na cikin gida na wata shida a kan tsofaffi 188 masu rauni, 'yan shekara 75 zuwa sama. Waɗanda rauninsu matsakaici ne sun amfana, lalacewar iya hidimar kansu ta ragu. Waɗanda rauninsu ya riga ya yi tsanani kuwa ba a ga wani bambanci a tare da su ba. Ma'anar wannan ita ce lokacin farawa shi ne yanzu da Baba yake tafiya yana dafa bango, ba sai ya kwanta ba. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi da agogon waya: tsoho ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Idan abin ya ɗauke shi daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa. Kuma kafin a fara komai a auna hawan jini da suga, a nuna wa likita magungunan da yake sha domin wasunsu na sa jiri, a duba ko yana da yanar ido. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, likita ne zai tsara masa. Idan ana cikin yi ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe shi, a tsaya nan take. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba cikin zafin bazara ba, wani kuma yana tsaye kusa. Sannan tsoka ba ta ginuwa da koko da shayi kaɗai. Ana bukatar wake, ƙwai, nono, kifi, awara ko dakakken ƙuli-ƙuli ga wanda haƙoransa suka zube.

Matsalar da ta rage ita ce ta al'ada: wane ɗa ne zai tsaya a gaban mahaifinsa ya ce masa ya tashi ya zauna sau goma? Kunya ba za ta bari ba, musamman ɗan fari, suruka kuwa ba a ma maganarta. Amma al'adar da ta ɗaure mu ita ce ta ba mu mafita, wato wasan jika da kaka. Jika yana iya ce wa kakarsa, "Matar nan, idan ba ki tashi ba kishiya zan yi miki," ta tashi tana zaginsa tana dariya, abin da ɗanta ba zai taɓa iya furtawa ba. A koya wa jika mai hankali atisayen, a ba shi aikin ƙirgawa. Sauran kuma a saƙa shi cikin hidimar yini, dabarar da Lindy Clemson ta gwada a Sidni ta ƙasar Ostireliya a 2012 aka ga faɗuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku: a bar butar a inda sai ya taka ya ɗauko, a bar wa Hajiya tsince wake da ba kaji hatsi, a raka Baba masallacin unguwa da ƙafa maimakon a ɗora shi a babur.

A ɓangaren hukuma, muna da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a Najeriya a 2021, muna da sashen gashi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, Jami'ar Bayero kuma tana yaye likitocin gashi duk shekara. Amma kusan dukkansu a birane suke, kuma tsoho ba ya isa gare su sai bayan ya karye ko ɓarin jikinsa ya shanye. Tsarin Otago ya nuna cewa ma'aikaciyar jinya da likitan gashi ya horar tana iya koyar da shi a gida ya yi aiki. Muna da ma'aikatan lafiya a asibitocin sha-ka-tafi na kusan kowace gunduma, waɗanda suka saba shiga gida-gida don rigakafin yara. Ina ganin jihohinmu za su iya horar da su na 'yan kwanaki, a buga musu takarda mai hotuna da bayani da Hausa, boko da ajami, ta yadda duk gidan da suka shiga don jariri za su tambaya ko akwai tsoho a ɗaki, su sa shi ya tashi daga kujera su gani.