Ya je jaje, ya ɓuge da zagi

Daren jiya a majalisarmu ta unguwar Jekadafari a Gombe ƙanena ya miƙo min wayarsa, fuska a murtuke. Akwai wata Baturiya da suke aikin rigakafi tare, mahaifiyarta ta kwanta asibiti a Ingila, shi kuma don nuna damuwa ya rubuta mata cewa halin da take ciki "pathetic" ne. Kwana uku ke nan shiru.

"Yaya, don Allah laifin me na yi?"

Na ce Malam, ai zagin baiwar Allah ka yi.

Ban ga laifinsa sosai ba. Buɗe jaridun Turanci na ƙasar nan, da an yi gobara a kasuwa ko ambaliya ta ci gidaje za ka ga "pathetic story", wato labari mai ban tausayi. Kuma ba mu muka ƙirƙiro wannan ma'anar ba, tsohuwar ma'anar kalmar ce. Kalmar ta fito daga "pathos" na Girkanci, wahala ko abin da ke sosa rai. Turawan ne suka yi gaba suka bar mu da tsohon yayi. Yau mutumin Ingila ko Amurka ya ce maka "pathetic", ya gama raina ka: ragon banza, wanda bai isa a yi fushi da shi ba ma.

"Pitiful" ta fi ba ni mamaki. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, Ubangiji aka siffanta da ita, ma'ana mai yawan jin ƙai. Yanzu kuwa albashin da bai taka kara ya karya ba ake kira haka. Ita kanta "pity" uwarsu ɗaya da "piety", tsoron Allah, duk daga "pietas" na Latin. Dubi inda aka faro, dubi inda aka sauka.

Ni a ganina ba haɗari ba ne. Mai tausayi sau da yawa a tsaye yake, wanda ake tausaya wa yana ƙasa, to daga nan zuwa raini taku ɗaya ne. Mu ma kada mu wanke kanmu. Mace ta dubi kishiyarta ta ce "ke dai abar tausayi ce", wa zai ce jaje take yi? Bambancin kawai, mu har yanzu muna da "sannu" da "Allah sarki", waɗanda ba su lalace ba tukuna.

Kalmomin raini kam ba su da ɓoye-ɓoye, sai dai ɗalibai na yawan juya su: "contemptuous" mai rainawa, "contemptible" wanda ya cancanci a raina shi. Lauyoyi sun fi kowa sanin gidan, saboda "contempt of court", wato laifin raina kotu.

Na ce wa yaron ya rubuta mata "I am so sorry to hear about your mother", ya ƙara da cewa a Turancinmu na nan waccan kalmar tausayi take nufi. Ya tura, ya kife wayar a kan tabarma, ya ce mai shayi ya ƙaro masa.