Ƙwararre ne zai je wurin yaro

Tun da maganar yarinyar nan 'yar shekara huɗu ta fito, wadda makarantar nasare ta mayar wa iyayenta kuɗin zango saboda ba ta ji sosai, nake bin shawarwarin jama'a, kuma kusan duk bakinsu ɗaya, wai a kai ta makarantar kurame. Madalla da wannan basira. Yarinyar da har yanzu uwarta ce ke sa mata takalmi, ita za a raba da unguwarsu da ƙawayenta, domin kada malamai su wahala, kuma kada ran iyayen sauran yara ya ɓaci idan sun zo ɗaukar 'ya'yansu.

Ba ni da ja da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, sun daɗe suna yi wa al'umma aiki. Amma jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ba za ta tattara duk yaron da ke da lalurar ji ko gani ko tafiya ko magana ta zuba a makarantu 'yan ƙalilan ba, kuma uban da ke Doguwa ba zai miƙa ɗan shekara huɗu makarantar kwana ba. Ƙwararre ne zai je wurin yaro, a ajin da yake zaune tare da sa'o'insa.

Tsarin ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗaukar malami mai horo kan yara masu buƙata ta musamman, a ware masa makarantu kamar takwas ko goma, ya riƙa zagaya su mako-mako. Idan ya zo ba ya janye yaron zuwa wani ɗaki, a cikin ajin yake zama ya ga yadda ake waƙa da wasa da cin abinci, sannan ya nuna wa malamar ajin abin da za ta gyara: ta zaunar da yarinyar a gaba, ta fuskance ta idan za ta yi magana, ta daina bayani tana kallon allo, ta koyi alamun hannu na ruwa da abinci da banɗaki, ta duba batirin na'urar ji kowace safiya. Awa ɗaya a mako ba ta sauya yaro, shi ya sa malamar aji da uwa su ne ainihin ɗaliban ƙwararren, tunda su ke tare da yaron sauran kwanakin. Amurka ta faɗaɗa dokarta ta ilimin yara masu nakasa zuwa 'yan shekara 3 zuwa 5 tun 1986, kuma malamai masu zagaye suna cikin hanyoyin da ake cika ta. Kenya da ke nan Afirka ta fara buɗe cibiyoyin tantance irin waɗannan yara a gundumomi tun 1984.

Na san za a ce babu kuɗi, domin ita ce amsar da ba ta tsufa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun tarayya, kuma a cikinsa akwai kason ilimin masu buƙata ta musamman. Kuɗin babur da mai da alawus ɗin malami guda bai kai abin da ake kashewa a taron bita ɗaya a otal ba. Za a ce babu ƙwararru, alhali kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo tana nan tun 1977, Jami'ar Bayero da ta Jos kuma suna yaye masu wannan fanni, sai a tura su koyar da darasin da ba shi suka karanta ba. Masu cewa zagayen ba zai yiwu ba kuwa, su tuna cewa ma'aikatan rigakafin shan inna sun bi gida-gida har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da nau'in cutar na asali. Ƙasar da ta iya kai ɗigon magani kowane lungu ba za a ce ta kasa kai malami aji ba. Batun cewa yarinyar za ta ja sauran yara baya ban ga ya cancanci amsa ba, ajin da ake koyon baƙaƙe da tafi ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokaci. A shekarun farko yaro ke kama harshe, na baki ko na hannu, kuma abin da ya kuɓuce masa a nan da ƙyar ake cike shi daga baya. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a Janairun 2019, amma doka ba ta shiga aji da ƙafarta, mutum ne ke shiga, kuma mutumin nan shi ne ƙwararren da ya kamata hukumomin ilimi na jihohi su tura.

Asibitoci ma da nasu alhakin. Sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai mai tsanani duk suna iya taɓa jin yaro, amma sau da yawa ana sallamarsa da zarar zazzaɓi ya sauka ba tare da an gwada kunnensa ba, sai ya shekara uku ana ce masa mai taurin kai, ana dukansa a kan kiran da bai ji ba.