Wa ke biyan kuɗin 'yancin matafiyi?

Wata safiya cikin hunturun bana, irin sanyin Jos ɗin nan mai ratsa ƙashi, wani saurayi ya jingine kekensa kusa da teburin mai shayin da nake karyawa a titin Bauchi. Jaka da tabarma da galan ɗin ruwa duk suna ɗaure a bayan keken. Ba ya jin Hausa. Da ɗan Larabci da nuni da hannu aka gane daga Mali ya fito, gabas ya nufa, kuma ba sauri yake yi ba. Mai shayi ya haɗa masa mai kauri da burodi, ya ƙi karɓar ko sisi. Mai faci ya duba masa taya. Sai wani dattijo a gefena ya ce, "To, amma wa ya san shi?" Teburi ya yi tsit.

Irin waɗannan mutane suna burge mu. Ba haya, ba maigida, duk inda rana ta faɗi nan ne gida. Amma in ka duba da kyau, 'yancin nan ba daga aljihunsu yake fitowa ba. Mazauna ne ke biya: mai shayi, mai faci, ladanin da ke barin ƙofar masallaci a buɗe. A 2023 wani ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke zai je Jami'ar Azhar karatu. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar, an tsare shi a hanya, kuma da ya isa Chadi mutanen da ba su taɓa ganinsa ba ne suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Ƙafarsa ta yi aiki, amma hannun wasu ne ya ƙarasa da shi.

Mu ba baƙin wannan harka ba ne. Kakanninmu sun taka daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, sun taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suke yi a hanya, suna noma a nan, suna ɗinki a can. Har gobe unguwannin baƙi a Kumasi da Akara sunansu Zango. Alƙur'ani ma ya sa ɗan hanya cikin mutum takwas da ake ba zakka, ko da mai arziki ne a garinsu, in dai guzuri ya yanke masa.

Sai dai akwai abin da muke mantawa idan muna yabon karamcin da. Ba haka kawai ake buɗe wa baƙo zaure ba. Ayari yana da madugu, zango yana da sarki, kowane falke yana da mai masauki wanda zai tsaya masa, ya ce "baƙona ne", in ya yi ɓarna a neme shi. Wato tambayar da dattijon nan ya yi tsohuwa ce, kuma a da tana da amsa. Yau tambayar ta saura, masu amsawa ne suka ɓace.

Ba na ganin laifin mai tsoro. Wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa, daga baya aka gano baƙon da aka ciyar ne ya kai rahoto, ba za ka karanta masa "baƙonka annabinka" ya saurare ka ba. Akwai kuma 'yan yawon duniya na ƙarya, waɗanda suka bar mata da 'ya'ya babu ko hatsi suka ce wai tafiya mabuɗin ilimi. Ban ma so in taɓo masu tattaki don 'yan siyasa da suka cika tituna a 2015, kowa na jiran ambulan ɗin kuɗi a ƙarshen tafiya.

Amma dubi inda tsoro marar tsari ya kai mu. Ranar 14 ga Agustan 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba, nan cikin Jos, suna dawowa daga zikiri a Bauchi, aka kashe sama da 20. A Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano. Watanni kaɗan bayan nan, 'yan ɗaurin aure daga Zariya suka ɓata hanya a ƙaramar hukumar Mangu, aka far musu. Duk laifinsu ɗaya: babu wanda ya san su a wurin. Kuma na hanyar Rukuba a Jos ya faru, garin da haƙar kuza ta tara, inda kakannin mutane da yawa da ƙunshin kayansu a ka suka iso.

A wannan ƙasa ta Filato ce kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, a Barikin Ladi, ya ɓoye mutum sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018. Ya yi abin da mai masauki ke yi ne: ya tsaya a ƙofa ya ce nasa ne.

Ra'ayina shi ne a dawo da wannan tsayuwar, kuma ba sai an jira gwamnati ba. Kowace tasha tana da shugabannin direbobi, kowace unguwa tana da mai unguwa da liman ko fasto da 'yan sintiri. A san cewa baƙon da dare ya yi masa, ko wanda aka ga alamar tambaya a kansa, wurinsu ake kai shi, ba wurin taron matasa masu sanduna ba. A duba takardarsa, a kira lambar wani nasa, a ba shi tabarma.

Kusan haka aka yi da ɗan Malin nan. Dattijon da ya yi tambayar shi ne ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Taso, yaro, mu je wurin Mai Unguwa." Aka ɗauki hoton fasfonsa, ya kwana biyu a zaure, har ya wanke kayansa. Ran da zai wuce Bauchi, an ce matar gidan ta cusa masa ƙullin dankalin Turawa a jaka, yana ta nuna mata da hannu cewa keken ya yi nauyi.