Kalandar waya ta ci amanata

Ƙarfe ɗaya saura kwata na isa ofishin da takarduna a hannu, ina ganin ma na zo da wuri. Matar da ke kan teburi ta duba kwamfutarta, ta ɗago ta dube ni, ta ce tun ƙarfe goma aka kira sunana har sau uku, kuma babu wani gurbi sai bayan mako biyu. Na zaro waya na nuna mata, ga shi ɓaro-ɓaro, ƙarfe ɗaya na rana. Ita ma ta juyo min da allonta, goma na safe. Na buɗe imel ɗin da suka aiko min tun ina gida, goma ce. Da hannuna na rubuta goma a kalanda. Wayar ce ta mayar da ita ɗaya, ba ta tambaye ni ba, ko tari ba ta yi ba.

Aiki ne ya kai ni wata ƙasa da agogonta ke gaban namu da awa uku, zaman wata uku. Kafin in tashi na zauna na shigar da komai: ranar rajista, ganin likita, tarukan da zan halarta can. Ashe duk goman da na rubuta, manhajar ta ɗauke ta a matsayin goma ta inda nake zaune a lokacin. Jirgi na sauka, waya na kama sabis, sai ta gyara agogonta, ta kuma bi kowane abu da ke cikin kalanda ta ɗora masa awa uku. Tunatarwar maganin hawan jini da nake sha ƙarfe takwas ta koma sha ɗaya. Ranakun miƙa rahoto da aka turo min cikin fayil, waɗanda ya kamata kowanne ya cika yini ɗaya, suka baje a kan kwana biyu, daga uku na dare zuwa uku na daren gobe, har mutum ya rasa wace ce ranar gaskiya. Abin da ya fi ci min rai shi ne taron mako-mako da muke yi ta intanet da abokan aiki: shi ya tashi daga tara zuwa sha biyu, kuma daidai ne ya tashi. Wato wasu sun matsa bisa gaskiya, wasu bisa ƙarya, kuma duk launinsu ɗaya, babu wata alama da za ta raba maka su.

Ba wai masu ƙera waɗannan manhajoji ba su san matsalar ba ne, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Lokaci iri biyu ne a rayuwar kowa. Akwai wanda ke ɗaure da duniya gaba ɗaya, kamar taron da mutum uku za su shiga daga ƙasashe uku, dole ya zama daƙiƙa ɗaya ga kowa ko da agogonsu ya sha bamban. Akwai kuma wanda ke bin agogon bangon inda kake, kamar tashi daga barci, motsa jiki, ko kiran gida kafin kwanciya. Ƙa'idar iCalendar, wadda kalandun zamani ke musayar bayanai da ita, tun 1998 ta tanadi hanya uku ta rubuta lokaci, kuma da aka sabunta ta a 2009 ba a taɓa wannan ba. Ana iya rubuta shi da ma'aunin duniya na UTC, a liƙa masa harafin Z a ƙarshe. Ana iya ɗaure shi da sunan wata shiyyar lokaci, wato yankin da ke bin agogo ɗaya. Ana kuma iya barinsa sake, ba a ɗaure shi da ko'ina ba, takwas ta zauna takwas duk inda ka sa ƙafa. Wannan na ukun shi nake bukata, yana nan a rubuce fiye da shekara ashirin da biyar, amma na juya manhajar da ke hannuna ciki da bai ban ga inda zan zaɓe shi ba. Wajen zaɓen shiyyar alƙawari kuwa yana can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, sai ka danna nan ka danna can kafin ya leƙo. Wa zai je neman abin da bai san da shi ba?

Daren ranar na ce bari in gyara. Wallahi gyaran gangar Auzinawa na yi. Babu yadda za ka zaɓi abu talatin ka ce a ja su baya da awa uku. Ɗaya bayan ɗaya za ka bi, ka buɗe, ka sauya farko, ka duba ƙarshe, ka adana, ka koma. In abin mai maimaituwa ne sai ta tare ka da tambaya: wannan kaɗai, ko wannan da masu zuwa, ko duka? Na zaɓi duka a kan wani darasi, sai makonnin da na riga na ɗaga zuwa wata rana suka koma inda suke tun farko, aikin da na yi a baya ya bi ruwa. Can cikin gajiya hannuna ya taɓa wani zama da ni na gayyaci mutane, na ja shi baya. Nan take saƙo ya tafi ga kowa cewa an sauya lokaci. Ba a yi minti goma ba wayata ta yi ƙara. “Malam, lafiya dai? Ƙarfe shida na asuba za mu zauna?” Na ba da haƙuri, na mayar da shi, wani saƙon ya sake tafiya. Mutum goma sha biyu na tayar wa hankali sau biyu a dare ɗaya, a kan laifin da ba ni na ƙirƙira ba.

Na rubuta wa masu manhajar. Amsar da ta zo bayan kwana uku cewa take haka aka tsara ta, ba matsala ba ce, in riƙa zaɓen shiyyar da ta dace a lokacin da nake shigar da alƙawari. Wannan rainin hankali ne. Ka haƙa rami a tsakiyar hanya, mutum ya faɗa, ka ce ai da ya duba ƙasa. Sun kuma ba ni shawara in kulle kalandar a kan shiyyar gida. Na gwada. Sai agogon da ke saman waya ya nuna lokaci ɗaya, kalanda ta nuna wani, duk sabon abin da zan shigar sai na yi lissafi a kai. An gudu ba a tsira ba.

Na san lissafin lokacin duniya ba wasa ba ne. Tun taron Washington na 1884 da aka ɗauki Greenwich da ke Landan a matsayin mafarin lissafi, kowace ƙasa da nata son ran. Indiya tana gaban UTC da awa biyar da rabi, Nepal da awa biyar da minti arba'in da biyar, Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Amurka na tura agogo gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe na watan, don haka akwai mako biyu ko uku da tazarar Landan da New York ke komawa awa huɗu maimakon biyar, taron da kuka saba ya zame wa wani ɓangare. Maroko ta sha ja da agogo baya saboda Ramadan. Lebanon a Maris na 2023 ta ɗage sauyin agogo ana saura 'yan kwanaki, ƙasar ta wayi gari da lokaci biyu. Duk wannan rikicin akwai kundin da ke bin sawunsa, wanda Arthur David Olson ya fara a shekarun 1980, Paul Eggert ya ci gaba da kula da shi, wayoyi da kwamfutoci na ɗiba daga ciki. To ai mai wuyar ke nan, kuma an yi shi. Mai sauƙin ne aka ƙi yi: a tambayi mai waya. In manhaja ta ga na sauka a sabuwar shiyya, me zai hana ta jero min alƙawuran da za su matsa, ta ce wanne zai bi ka, wanne zai tsaya? Gyaran abubuwa da yawa a lokaci guda ma ba sabon ilimi ba ne. A 2007, da Amurka ta sauya ranakun tura agogo, Microsoft ya fitar da manhaja ta musamman don daidaita alƙawuran da suka goce a Outlook, manhajarsa ta imel da kalanda. In an iya yi wa ƙasa guda, me ya sa matafiyi ɗaya zai kwana yana danne-danne?

Ba maganar ƙawa nake yi ba. Mutane sun daina riƙe alƙawari a ka saboda an ce musu waya za ta riƙe. Akwai mai jiran biza, akwai mai jarrabawa, akwai majinyacin da ya yi wata biyu yana jiran ganin likita, akwai mai jirgin da zai tashi. Awa uku a wurin irin waɗannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu ofishin da zai saurari uzurin cewa kalanda ce ta motsa.

Da wata ukun suka cika na dawo, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Duk abin da na gyara da hannu a can ya ja baya da awa uku. Ƙarfe biyar na asuba waya ta tashe ni wai in sha maganin ƙarfe takwas. Tarukan da na riga na halarta can su ma sun sauya a tarihin kalandar, wanda aka yi da goma yana nuna bakwai, ga shi da su nake son haɗa rahoton tafiyar. Yanzu duk alƙawarin da zan shigar sai na rubuta lokacin da haruffa a cikin sunansa, “likita, goma na safe agogon can”, don shi ne kawai wurin da manhajar ba ta iya taɓawa. Har yau akwai sauran abubuwa goma sha bakwai a watan gobe da ban tantance ko daidai suke ba, kuma sai na bi imel ɗinsu ɗaya bayan ɗaya kafin in sani.